Wane likita ne yake da ikon cewa a wurin aiki aka samo ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Yayana ya shekara 12 yana aiki a kamfanin fasa dutse, akan injin niƙa yake. Yanzu tari da haki sun hana shi sakat, an bashi maganin tibi har ya gama wata shida amma ba wani sauƙi. Wani likita a janar asibiti ya kalli hoton ƙirjinsa yace yana zargin ƙurar dutse ce. Da muka kai takardar kamfani sai sukace su takardar likitan kilinik ɗinsu kawai suka sani, shi kuma ya riga ya rubuta cewa ba ruwan aiki da ciwon. Don Allah a doka waye yake da ikon cewa ciwo na wurin aiki ne, har a biya mutum diyya?

Wa alaikumussalam ɗan uwa, Allah ya bawa yaya lafiya, yasa kaffara ne. Bari in fara da abinda yafi damunka: maganar da kamfani suka faɗa maka ba haka take ba. Ba likitan kamfani ne yake da maganar ƙarshe ba, kuma ma ba kamfanin ne zai yanke hukuncin a biya ko kar a biya ba. Amma fa shima likitan janar asibitin, takardarsa ita kaɗai bata isa a ce an gama magana ba, musamman in "ina zargi" kawai ya rubuta. Toh bari in warware maka, domin abu uku ne mutane suke cakuɗawa wuri ɗaya, kuma kowanne da mai shi.

Dokar da ake aiki da ita a Najeriya itace dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. A tsohon tsari mai kamfani ne yake biya, shi ko kamfanin inshorarsa, shi yasa har yau wasu manajoji suke magana kamar a hannunsu abin yake. Yanzu akwai asusu guda, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ce take riƙe dashi, duk mai ɗaukar ma'aikata zai rinƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, daga aljihun kamfani, doka ta hana a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci don wannan. In ma'aikaci ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ta dalilin aiki, daga wannan asusun ake biyansa. Kaga kenan aikin kamfani shine ya kai rahoto, ba ya zauna ya tace wanda ya cancanta ba. Kuma dokar bata tsaya kan masu takardar ɗaukar aiki ta dindindin ba, ta haɗa da ɗan wucin gadi, da mai koyon aiki, da lebura na kullum-kullum, sojoji ne kawai aka ware.

Abu na farko shine sanin sunan cutar, wato menene yake damun huhun nan. Wannan aikin likita ne, cikakken likita mai rijista da hukumar likitoci ta ƙasa MDCN, mai lasisin aiki na shekarar da ake ciki. Ko a asibitin gwamnati yake ko a na kuɗi, ko a kilinik ɗin kamfani, lasisinsu iri ɗaya ne, babu wanda na kamfani ya fi. Waɗanda takardarsu bazata tsaya a matsayin gano cuta ba sune mai kemis, da nas, da jami'in lafiya na ƙaramin asibitin unguwa, da mai ɗakin gwajin jini, da mai ɗaukar hoto, da mai maganin gargajiya. Ba raini bane, wallahi sau tari nas ɗin kamfani ce take fara lura cewa 'yan sashe kaza duk tari suke, kuma littafin da take rubuta masu zuwa karɓar magani yakan zama hujja mai ƙarfi daga baya. Amma sakamakon gwaji daban, gano cuta daban. Takardar da mai hoto ya baka tana faɗin abinda aka gani a hoton ne, sai likita ya haɗa ta da tarihin mara lafiya da abinda ya ji a ƙirjinsa sannan ya sa suna ya sa hannu.

Abu na biyu shine wanda ake faɗuwa a kai, wato haɗa cutar da aikin. Anan ne likita na gama-gari, duk ƙwazonsa, yake buƙatar ƙwararre ya dafa masa. Huhu bashi da tambari da zai nuna wannan ƙurar kamfani kaza ce. Sai an bi tarihi dalla-dalla. In mutum irin yayanka ya zauna a gabana, kafin in ɗauki abin sauraron ƙirji sai mun sha hira: tun yaushe ka fara, wane aiki kayi kafin nan, a ina kake tsayawa in inji yana aiki, a bakin inda dutse yake faɗawa ko can wurin lodi, ana watsa ruwa ko a bushe ake niƙa, awa nawa a rana, in ka tashi aiki yaya jikinka yake. Da yawa zasu ce maka in suka tashi har gashin idonsu fari fat yake, in suka fyace majina kamar an dama siminti, abin rufe hanci kuwa hankici ne suke ɗaurawa ko irin takunkumin asibiti da baya tare komai na wannan ƙura. Ƙurar da take yin ɓarnar ma ba wadda kake gani tana tashi bace, ƙananan ƙwayoyin silika ne, wani sinadari dake cikin dutse da yashi, da ido baya gani, su suke wucewa har ƙasan huhu su zauna, jiki yayi ta yaƙi dasu yana barin tabo. Wannan hirar rabin aikin kenan, kuma abin takaici a layin asibitin gwamnati inda likita ɗaya yake ganin mutane tuli kafin azahar, ba kasafai ake samun lokacin tambayar mutum sana'arsa ba.

Cutar da likitan janar asibitin yake zargi sunanta silikosis. Yadda ake tabbatar da ita ƙafa uku ne: tarihin shaƙar ƙurar dutse na tsawon lokacin da ya isa ya jawo ta, sai hoton ƙirji da ya nuna irin tabonta, ƙananan ɗigo-ɗigo zagayayyu da suka fi yawa a saman huhu ta ɓangarorin biyu, wani lokaci su haɗe su zama manyan dunƙule, sai na uku a tabbatar ba wata cutar bace mai kama da ita. Yawanci bata fitowa sai bayan shekara 10 ko fiye da fara aikin, amma in ƙurar tayi yawa sosai tana iya fitowa cikin shekara 5 zuwa 10, akwai ma mai saurin gaske da take kama mutum ƙasa da haka. Shekara 12 a bakin injin niƙa ya shiga lissafi sarai. Ba sai an yanki tsokar huhu ba a mafi yawan lokuta. Akwai ma'aunin karanta irin wannan hoton da ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ta fitar, ana ɗora hoton mara lafiya kusa da hotunan misali a gwada yawan ɗigon da girmansu, a Amurka har akwai jarrabawa ta musamman da likita yake ci domin karatunsa ya ƙara nauyi a irin wannan shari'ar. Mu anan abinda ya kamata shine likitan ƙirji da ƙwararren likitan hoto su gani, in da hali a ƙara da sikanin na CT domin yana kama abinda hoto na yau da kullum yake ɓoyewa. Sai gwajin hura iska, inda za'a toshe masa hanci ya ja numfashi ya hura da dukkan ƙarfinsa cikin na'ura, shi wannan ba shi yake gano cutar ba, auna yawan ɓarnar yake, kuma dashi ake lissafin nakasa in an zo maganar kuɗi.

Maganar tibi kuwa ka riƙe ta da kyau domin da ita za'a nemi a kayar daku. Silikosis da tarin fuka, wato tibi, suna kama a hoto, a ƙasar da tibi yayi yawa irin tamu duk likitan da ya ga ɗigo a saman huhu tibi zai fara kawowa a ransa, kuma ba laifi yayi ba. Sai dai abu biyu. Na ɗaya, a nemo katin maganin tibi ɗin a duba, shin gwajin majina na GeneXpert ya nuna ƙwayar cutar ne ko kuwa da hoto kawai aka ɗora shi akan magani? In gwaji bai taɓa nunawa ba, ya sha magani wata shida hoto bai canza ba, wannan kansa hujja ce. Na biyu, ko da ya tabbata yayi tibi, hakan bai kore silikosis ba, hasali ma ƙurar silika tana raunana garkuwar huhu ta ninka haɗarin kamuwa da tibi, mutum yana iya ɗauke da su biyun lokaci guda, kuma haɗuwar tasu tana cikin jerin cututtukan aiki da aka amince dasu. Don haka duk wanda yace maka "ai tibi ne ba aiki ba" bai gama magana ba. Haka in sukace sigari ne, ko hayaƙin itace, sigari yana lalata huhu ta hanyarsa kuma yana ƙara haki, amma baya yin irin wannan tabon na silika. Kar yaya ya ɓoye in yana sha, ya faɗi gaskiya, likita ya rubuta ya kuma bambance wanne ne na wanne, rahoton da ya ambaci sigari ya warware shi yafi ƙarfi akan wanda yayi shiru aka zo aka tono daga baya.

Su waye ƙwararrun? Akwai likitocin lafiyar ma'aikata, waɗanda aikinsu kenan haɗa cuta da sana'a, amma gaskiya basu da yawa a ƙasar nan, akasarinsu suna kamfanonin mai da manyan masana'antu ko kuma sashen lafiyar al'umma na asibitocin koyarwa. Abinda yafi sauƙi gareku shine likitan janar asibitin ya rubuta muku takardar turawa zuwa kilinik ɗin ƙirji na asibitin koyarwa mafi kusa, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato, Maiduguri ko Jos, in kuna Abuja kuma akwai Gwagwalada da babban asibitin ƙasa. In an gama da likitan ƙirji ku nemi a haɗa ku da sashen lafiyar al'umma su rubuta ɓangaren aikin. Kowace cuta da mai ita: wanda ƙarar inji ta kashe masa kunne likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne zai gani, a sa shi a ɗan ɗaki mara ƙara da abin saurare a kunne yana danna maɓalli duk sanda ya ji sauti, ɓarnar ƙarar inji tana da alamarta, jin yana faɗuwa a wajen 4000 na ma'aunin kaifin sauti kuma a kunne biyu, abinda ake samu ga wanda ya daɗe a ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara, awa takwas kullum. 'Yan majemar fata irin na Challawa a Kano da sinadarin kurom yake cinye musu hannu likitan fata ne, da gwajin da ake manna sinadarai a baya a bari kwana biyu a ga wanne fata ta ƙi. Masu gyaran batir da masu niƙa dutsen zinare gwajin dalma a jini ne yake magana, kuma mun ga abinda dalma tayi a Zamfara a 2010 inda yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kaduna da Kano kuwa nasu ƙurar auduga ce, alamarta mai ban mamaki, ƙirji yana ɗaurewa ranar farko ta komawa aiki bayan hutun ƙarshen mako sai ya rinƙa sauƙi cikin satin, wannan ba hoton da zai nuna maka, sai likitan da ya san ya tambaya.

Abu na uku shine hukunci, a biya ko kar a biya, kuma nawa. Wannan ba na kowane likita bane, na hukumar NSITF ne. Mu likitoci shaidu ne, ita ce alƙali a matakin farko. Za ta karɓi rahoton likitan da ya duba shi a fam ɗinta, nata likitocin su duba, tana da ikon ta ce a sake duba shi a wurin likitan da ta zaɓa ko ta kafa kwamitin likitoci in abin ya rikice. Dokar tana yawan ambaton likitan da aka tantance, misali a sashe na 8 da yake maganar ciwon damuwa ta dalilin aiki ƙarara aka ambaci irin wannan likitan a matsayin mai gano shi. Saboda haka tun kafin ku kashe kuɗin sikanin, kaje ofishin NSITF na jiharku da ƙafarka, zuwa da kai ya fi saƙo, ka tambaye su wane asibiti suke karɓar rahotonsa a nan kusa, ka karɓo fam ɗin likita ka kai wa ƙwararren ya cike. Sashe na 9 shine na cututtukan aiki, kuma a ƙarshen dokar akwai jadawali na farko da ya jero su, an ɗauko tsarinsa daga jerin ILO, silikosis tana ciki. Amfanin kasancewa a jadawali shine ba sai kun tsaya gardamar ko ƙurar dutse tana jawo wannan cuta ba, doka ta riga ta yarda, abinda ya rage ku nuna yana da ita kuma yayi aikin ƙurar. Cutar da bata cikin jerin ma ana iya biya, sai dai nauyin nuna cewa yanayin aikin ne ya kawo ta yafi yawa.

Wasu ƙasashen sun fi mu tsaurara wannan matakin. A Afirka ta Kudu, inda silikosis ta cinye ma'aikatan ma'adinan zinare shekara da shekaru, akwai ofishi na musamman a Johannesburg da kwamitin likitocinsa ne kaɗai yake tabbatar da ciwon huhun mahaƙa kafin a biya, likitan gari nasa shine ya duba ya tura musu. Duk da haka sai da ma'aikata suka kai kamfanonin kotu, aka yi sulhu a 2018 akan rand biliyan 5 na kuɗin ƙasar. 'Yan uwanmu na Nijar kuma nasu yana bin tsarin Faransa, likita ya rubuta takardar shaida, a kai asusun inshorar ma'aikata na ƙasar, wato CNSS, likitan asusun ya duba ya gwada da jerin cututtukan da doka ta lissafa. A ƙasashen nan in ka duba zaka ga abu ɗaya, ba'a barin mai kamfani ya zama shi ne mai tantancewa.

Game da likitan kamfanin, bana so ka ɗauke shi maƙiyi kai tsaye. Akwai na kirki da yawa da suke faɗa da manajoji akan a sayi takunkumi mai kyau a kuma rinƙa watsa ruwa. Amma mutum ne da albashinsa yake fitowa daga hannun wanda rahoton zai taɓa, kuma ko da asusu ne zai biya diyyar, kamfani yana tsoron abinda zai biyo baya, masu duba masana'antu su zo, sauran ma'aikata suma su taso, ko a gano ba'a zuba kashi ɗayan nan. Ra'ayinsa ra'ayin likita ɗaya ne, za'a ɗora shi a sikeli da na sauran, kuma abinda yake bawa rahoto nauyi dalilan da ke cikinsa ne. Layi ɗaya da aka rubuta "ba shi da alaƙa da aiki" ba tare da an faɗi me aka gwada ba bazai tsaya gaban rahoton likitan ƙirji mai shafi biyu da hoto da sakamakon gwaji ba. Abinda ma yafi amfani a kilinik ɗin kamfanin fayil ɗin yaya ne. In sun yi masa gwajin lafiya lokacin ɗaukarsa aiki, da hoton ƙirji mai kyau a wancan lokacin, wannan hoton zinare ne a wurinku, domin yana nuna da lafiyayyen huhu ya shigo. Ya rubuta takarda da sa hannunsa yana neman kwafin bayanan lafiyarsa, ya ajiye kwafin takardar neman.

Rahoton da zaku nema daga ƙwararren ya ƙunshi sunan cutar a fili, da gwaje-gwajen da aka dogara dasu da ranakunsu, da tarihin aikin shekara bayan shekara, da cututtukan da aka duba aka kore, sai jumla guda da take cewa a ra'ayinsa na likita yafi yiwuwa aikin ne ya jawo ko ya taimaka sosai wurin jawowa, sai kuma me mara lafiyan yake iya yi yanzu da me baya iyawa, ƙarshe suna da lambar rijista da hatimin asibiti. Ba'a neman likita ya rantse ɗari bisa ɗari, rinjaye ake nema. Likitoci da yawa suna jin nauyin rubuta wannan jumlar don gudun a kira su kotu, ka roƙe shi da ladabi ka nuna masa fam ɗin, in ya ga abin hukuma ne yawanci yakan saki jiki.

Yanzu lokaci, kuma don Allah kar kuyi wasa da wannan, na ga haƙƙi ya salwanta saboda jinkiri kawai. Doka tace ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da kamfani cikin kwana 14 da faruwar abin ko da samun labarinsa, shi kuma kamfani ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, ƙin kaiwa laifi ne a kansa. Neman diyyar kuma a shigar dashi cikin shekara 1, in akwai uzuri na musamman da hukuma ta gamsu dashi ana iya karɓa har zuwa shekara 3. A ciwo irin wannan da yake shigowa a hankali ana lissafi ne daga lokacin da ya nakasa mutum ya hana shi samun cikakken albashinsa, ba daga ranar da ya fara shaƙar ƙura ba. Tunda kun riga kun kai musu takarda sun mayar daku da baki, gobe ku rubuta sanarwa a takarda, sunansa, sashen da yake aiki, ciwon da likita ya faɗa da ranar da aka faɗa, kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku tafi da ita. In sun ƙi karɓa ku aika ta kamfanin kai saƙo mai bada rasit. Kar ku jira sai rahoton ƙwararre ya fito kafin ku sanar, ku sanar da abinda ke hannu, rahoton ya biyo baya. In yana cikin ƙungiyar ƙwadago a ja shugaban reshe a tafi dashi.

Wani abin da nake tsoro shine a kira shi ofis a bashi ɗan kuɗi a ce na sallama ne, a miƙo takarda ya sa hannu cewa ya yafe duk wani haƙƙi. Sashe na 13 ya hana irin wannan yarjejeniyar, bata da ƙarfi a doka, amma duk da haka kar ya sa hannu a abinda bai karanta ba ko ba'a karanta masa ba, kuma kar ya rubuta takardar ajiye aiki da kansa yace don raɗin kansa ne. Ya tara katin shaidar aiki, takardun albashi ko saƙon banki na shigar albashi, hotunan wurin aikin in akwai a waya, da sunayen abokan aiki biyu ko uku da zasu iya cewa tare muka yi a sashe kaza. Dokar ta tanadi har kashi 90 cikin 100 na albashi duk wata ga wanda ya nakasa gaba ɗaya, wanda nakasarsa bata kai haka ba a lissafa masa gwargwado, kuɗin magani kuma daban, don haka abinda za'a bashi a ambulan ba zai kama ƙafar wannan ba.

In hukuma ta duba tace a'a, ba'a rufe ƙofa ba. Kuna da kwana 180 ku nemi ta sake duba hukuncinta, anan ne ake kawo sabon rahoto ko ra'ayin ƙwararre na biyu, in har yanzu baku gamsu ba sai kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da rassa a jihohi da dama har da Kano da Kaduna. A can alƙali zai saurari likitocin ɓangarorin biyu ya ga wanda hujjarsa ta fi. In an kai nan ku nemi lauyan da ya saba da shari'ar ƙwadago.

Ta ɓangaren lafiyarsa kuma, wanda shi yafi komai, dole in faɗa maka gaskiya: in ta tabbata silikosis ce, tabon da ya riga ya zauna baya gogewa, babu maganin da yake wanke huhu, duk mai ce muku yana da shi kuɗinku yake so, kuma tana iya ci gaba ko bayan an bar aikin. Amma barin ƙurar yana rage saurinta ƙwarai, don haka kar ya koma bakin injin nan ko da an bashi takunkumi, in yana shan sigari ya daina, a rinƙa duba shi akan tibi lokaci-lokaci, duk zazzaɓi ko ramewa ko canjin tari a koma asibiti da wuri, akwai magungunan shaƙa da motsa jiki na numfashi da suke sauƙaƙa hakin. Akwai kuma magana mai nauyi da bana son tsallakewa. Mu musulmi in mutum ya rasu ba'a kwana ba'a kai shi ba, kuma iyali basa yarda a buɗe gawa, toh in ba'a rubuta sunan cutar da alaƙarta da aiki tun yana raye ba, matarsa da 'ya'yansa zasu sha wahala sosai kafin su tabbatar da haƙƙin da doka ta basu. Allah ya bashi tsawon rai, amma ayi rubutun yanzu. Sannan waɗanda suke tsaye tare dashi a wannan sashen shekara da shekaru, ka gaya masa ya faɗa musu suje a ɗauki hoton ƙirjinsu ko basa tari, kuma duk wanda ya shiga gaban likita ya fara da faɗin aikin da yake yi da shekarun da yayi a kai tun kafin a tambaye shi.